"Moderation" ba hani ba ne, awo ne

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce likita ya rubuta wa Hajiyarku "salt and sugar in moderation" a takardar sallama, har gida ya rabu biyu: yayanki ya ce an hana ta gishiri da sukari ke nan, ƙanwarki kuma ta ce ai ba a hana komai ba. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma su biyun duk sun kauce.

Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare a nan Zariya kafin in yi ritaya, kuma kalmar nan ta sha ba ni wahala a aji, don ba mu da kalma guda da za ta ɗauke ta duka. Mafi kusa su ne "daidai gwargwado", "tsaka-tsaki", ko a ce kada a wuce gona da iri. Tushenta kalmar Latin ce, "modus", wato awo. Abin da likita ke cewa shi ne Hajiya ta ci, amma da awo. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Awon nawa ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan cokalin shayi guda ke nan. Inda ake yaudarar kai shi ne wannan cokalin ya haɗa da gishirin da ke cikin magi, da na burodi, da na yajin tsire, ba wanda aka barbaɗa a tukunya kaɗai ba.

Ni kaina na faɗa ramin yayanki. Lokacin da aka ce jinina ya hau, kalmar nan aka faɗa mini, kuma ni malamin Turanci ne fa, amma tsoro ya sa na dawo gida na kafa doka: kada a ƙara sa min gishiri ko ƙwaya ɗaya. Uwargida ta yi biyayya. Mako biyu ina tura tuwo da miyar kuka lami, ina haɗiyewa kamar magani. A mako na uku sai ga ni bayan Isha'i a gaban mai tsire a Kwangila, ina cewa ya ƙara yaji, ina dangwala har sai takarda ta yi fes. Gishirin da na ci a daren nan ya fi na miyar kwana uku. Da uwargida ta ji ƙanshin ƙuli a hannuna ba ta ce uffan ba, washegari dai ta mayar da ɗan gishirinta a miya.

Sai dai ki kula, a asibiti kalmar tana da wata fuska. Idan kika ga "moderate" a sakamakon gwaji, ba yabo ba ne. Likitoci na jera tsananin ciwo hawa uku: "mild", "moderate", "severe", wato mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani. Kin san zaren awon nan mai launi uku da ake naɗa wa yara a damtse wurin duba tamowa? Ruwan ɗorawa, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, shi ne "moderate". Yaron bai kai ja ba, amma ya bar kore. Na taɓa jin wata uwa tana cewa alhamdu lillahi an ce nasa matsakaici ne, kamar an ba ta albishir. Idan kuma motsa jiki ake magana, "moderate" na nufin irin tafiyar sauri da za ki iya hira a cikinta amma ba za ki iya rera waƙa ba, minti 150 a mako.

A jami'a kuwa, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo za su gaya miki an kai tambayoyin jarrabawa "moderation". Wani malami ne daban zai duba ko sun yi tsauri ko sauƙi fiye da kima, ko sun fita daga abin da aka koyar. Ɗalibai da yawa sun ɗauka ƙarin maki ake nufi, ba haka ba ne. "Moderator" kuma shi ne mai raba lokaci tsakanin masu muhawara. Lafazin "moderate" ma ya bambanta: siffa "modarit" ake cewa, aikatau kuma "modareit", rubutu dai iri ɗaya.

A labarun rediyo "moderates" su ne masu sassaucin ra'ayi, kishiyar masu tsattsauran ra'ayi. A nan ne fassarar "tsaka-tsaki" ke ɗan zamewa, don mu kan ce wane ya tsaya tsaka-tsaki alhali ɗan ba-ruwanmu muke nufi, wanda Bature zai kira "neutral". Mai sassaucin ra'ayi yana da ɓangare, zafin kai ne ba shi da shi. Malamanmu sun daɗe a wannan fage da kalmar wasaɗiyya, daga aya ta 143 a Suratul Baƙara. Ta 31 a Suratul A'araf kuwa kamar don Hajiya: a ci, a sha, kada a yi ɓarna.

Batun sukari ban ba ki adadi ba da gangan, don idan Hajiya na da ciwon sukari awonta daban ne da na sauran mutanen gida, kuma wanda ya ga gwajinta ne zai yanke. Ranar da za ku koma asibiti ki jefa cokalin shayin gidanku a jaka, ki ɗaga wa likita ki ce, "Irin wannan nawa a yini?" Haka na yi daga baya. Ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya karɓi cokalin ya nuna min da yatsa inda zan tsaya.