Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ajiye Naman Maraina a Sanyi

Tambaya: Likita, za a yi wa ɗana mai shekara tara dashen ɓargo saboda sikila, kuma an ce magungunan na iya hana shi haihuwa. Akwai mafita? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, gaskiya ne magungunan da ake bayarwa kafin dashen, irin su busulfan, suna iya kashe ƙwayoyin da ke samar da maniyyi. Da ya balaga, da sai a ajiye maniyyinsa kawai, domin tun 1953 ake samun ciki da daskararren maniyyi. Tunda bai balaga ba, sai a yanko ɗan ƙaramin nama daga marainansa, a jiƙa shi da sinadarin da ke hana ƙanƙara fasa ƙwayoyin halitta, a sauke zafinsa sannu a hankali, sannan a ajiye shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, da fatan a mayar masa da shi nan gaba. A Beljiyam an fara wannan ajiya tun 2002. A 2019 kuma masana a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka sanar cewa sun mayar wa birai irin wannan nama a ƙarƙashin fata, ya samar da maniyyi, har aka haifi 'yar biri mai suna Grady. A mutane dai har yanzu ana matakin gwaji, don haka kada kowa ya yi miki alkawari. Amma ki tayar da maganar kafin a fara magani, domin a lokacin ne ajiyar ta fi amfani.

Tambaya: Firjin gida zai iya wannan aiki? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: A'a, ɗana. Sanyin digiri 4, irin na firji, yana riƙe naman kwana biyu zuwa uku ne kawai, cikin ruwa na musamman, kafin a kai shi ɗakin gwaji, injin ƙanƙara na gida kuwa lalata shi zai yi.

Tambaya: Ana dasa wa mutum marainan wani? Daga wani magidanci a Kumasi.

Amsa: Malam, an yi hakan tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, kamar yadda Dakta Sherman Silber ya ruwaito a 1978. Sai dai maniyyin yana ɗauke da gadon halittar mai bayarwa ne, wanda ke tayar da batun nasaba, shi ya sa likitoci suka fi karkata ga mayar wa mutum namansa.