Yaya, Ga Yadda Dokar Ɗan Tayi Ta Same Mu a Jojiya

Yaya, kin tambaye ni ko da gaske ne a Amurka ɗan da ke ciki mutum ne a idon hukuma. A wasu jihohi da gaske ne, don kowace jiha da tata dokar. Mu nan Jojiya an sa wa tamu hannu a 2019, ta fara aiki a Yulin 2022, bayan Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubar da ciki, ta bar wa jihohi wuƙa da nama. Da zarar an ji bugun zuciya, wajen mako shida, ya shiga lissafin mutane, kuma an hana zubar da shi sai da lalura. Har dala 3,000 aka riƙa cire wa iyaye saboda cikin daga kuɗin da ake yi musu haraji a kai. Tun 2004 ma, a laifukan da ke hannun tarayya, wanda ya daki mai juna biyu cikin ya lalace, mutum biyu ya cuta.

Wannan bai zo mana a baƙo ba. Limaminmu ya tuna mana cewa shari'a ta sa gurra, wato diyyar ɗan tayi, a kan wanda ya jawo ɓari, kuma ana ajiye wa ciki rabonsa na gado. Na yarda da hakan har zuciyata.

Inda dokar Jojiya ta taɓa mu shi ne kunya. Kin san mu, ciki ba a faɗinsa, balle na fari, sai zane ya tona. To nan mun sauya dole. Wata ƙanwarmu jini ya ɓalle mata da tsakar dare, cikin wata uku. Ni na kai ta asibiti, ina riƙe da hannunta, yana sanyi kamar ƙanƙara. Doka ba ta hana wankin ciki bayan ɓari ba, amma sai da aka maimaita hoto aka tabbatar babu bugu kafin a taɓa ta. Wannan jiran, Yaya, har yau yana min ciwo.

Shi ya sa yanzu duk amaryar da ta zo, mukan ja ta gefe mu ce: in kin ga ɓatan wata, ki faɗa wa ɗaya daga cikinmu, ki ga likita da wuri, ki adana takardunki. Jiƙe-jiƙen da ake aiko mana kuwa, mai ciki ba ta sha sai likita ya gani. Don Allah ki gaya wa Inna ta daina ɓoye su cikin kayan Zainabu.