Amsa ga mai tambaya kan jirgin roba da kamun tarawut a Gulbin Rima

Malam, ka ce ka ga bidiyon Turawa suna gangara kogin dutse a jirgin roba suna kama kifin tarawut, kana tambaya ko za a iya haka a Rima.

Tarawut dai ka cire shi a lissafi. Kifin ruwan sanyi ne, ya fi son digiri 10 zuwa 16, in ruwa ya kai 25 sai ya fara mutuwa. A Afirka sai tsaunuka irin na Kenya da Lesoto. Namu gulbin na yashi ne, tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da giwan ruwa ke cikinsa.

Jirgin roba kuwa zai tafi, amma ba duwatsu ne abin tsoronka ba, mamari ne. Masunta kan shimfiɗa igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinta sai ta tsaga maka roba. Ƙayar ƙurungu ma tana hudawa, don haka kada ka jefa shi a ƙasan jirgi, sa shi a bokiti. Kuma kada ka cika iska tam da asuba: ranar Sakkwato na bugunsa iskar ciki za ta kumbura ta ɓalle ɗinki. Ni a ganina kwalekwalen katako da matuƙi Basarke ya fi maka wannan wahala.

Agusta da Satumba ka haƙura. Ruwa ya yi ja, ya ɗauko itace, kuma in aka buɗe ƙofofin madatsar Goronyo yana iya tashi cikin dare. Ambaliyar Satumbar 2010 har hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yanke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ruwa ya ja baya ya kwanta, lokacinka ke nan, sai dai da sanyin safiyar hunturu kifi ba ya cin ƙugiya sosai, bari sai la'asar.

Ga tarwaɗa, zaren milimita 0.40 ya isa, da 'yar dalma, a soka tana ko hanjin kaza a bar shi ya kwanta a ƙasa. Giwan ruwa sai ƙaramar ƙarfasa mai rai, a gurbi mai zurfi. In zare yana dawowa a yanke, aikin tsage ne, wani kifi mai kaifin haƙora, ɗaura guntuwar waya kafin ƙugiya.

Kafin ka shiga, ko a Kwalkwalawa ko a Wamakko, je ka gaida Sarkin Ruwa ya nuna maka inda aka kafa mamari da kalli, wato ragar kamun kifi. Rigar kariya kuma kowa ya ɗaura tasa tun daga bakin gaɓa, har wanda ya iya iyo.