Kafin ka sayi koren fentin, duba rufin jirgin

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: ka sayi ɗan kwaikwayon kan jirgin ƙasa samfurin GP38-2 na kamfanin Athearn, ma'aunin HO (wajen ɗaya bisa 87 na girman na gaske), kana son ka wanke masa fenti ka mayar da shi kamar koren nan mai faɗin hanci da ka ɗauki hotonsa a garin Candor na jihar Arewacin Karolina, na kamfanin Aberdeen, Carolina & Western, kuma kana neman a faɗa maka wane kore za ka saya. Zan zo kan fentin, amma ka yi haƙuri, ba nan aikin yake farawa ba. Wanda ke cikin hotonka da wanda ke hannunka ba jirgi ɗaya ba ne.

Ƙananan kamfanonin layin dogo na Amurka, waɗanda yawansu ya kai wajen 600, ba kasafai suke sayen sabon kan jirgi ba. Da yawansu sun kafu ne bayan dokar Staggers ta 1980 da ta sassauta ƙa'idojin harkar layin dogo, lokacin da manyan kamfanoni suka riƙa sayar da rassan da ba sa kawo musu riba. Shi kansa kamfanin mai jirgin da ke hotonka a 1987 ya fara. Wanda ya sayi reshe sai ya nemi inji a gwanjo, kuma kowane inji yana zuwa da tabon gidan da ya fito, kamar bas ɗin Beljiyam da za ka gani a tasha an yi mata fentin haya amma rubutun Jamusanci yana nan a jikin ƙofa. Mai faɗin hancin da ka gani GP40-2 ne da aka ƙera wa kamfanin Canadian National a garin Landan na lardin Ontariyo a shekarun 1970. Ɗakin direban mai tagogi huɗu a gaba tsarin Kanada ne. Kore kawai aka shafa masa a kudu.

Ka ɗora naka a tafin hannu ka dubi rufinsa. Can baya za ka ga fankokin lagireto biyu, ga bakin hayaƙi biyu ƙanana. GP40-2 fanka uku gare shi a baya da bakin hayaƙi ɗaya babba, domin injinsa mai turbo ne, ƙarfin doki 3,000, naka kuwa 2,000. Tsawonsu ɗaya, ƙafa 59 da inci 2, wato kusan santimita 21 a HO, shi ya sa mutane ke ɗauka fenti zai rufe bambancin. Ba ya rufewa. Mu da muke kallon waɗannan abubuwa a kan tebur daga sama muke ganinsu, rufi ne farkon abin da ido ke sauka a kai.

Da ni ne kai, ba zan yanka wannan bodin ba. Sauya hanci da ɗakin direba da rabin rufi aiki ne na wanda hannunsa ya faɗa, kuma kafin ka gama sayen kayan ka kusa biyan kuɗin wani jirgin. Kamfanin Atlas sun fitar da GP40-2 mai ɗakin Kanada a HO, ka nemi na hannu, ko da wane launi ne tunda wanke shi za ka yi. GP38-2 ɗin kuma kada ka sayar. Ka koyi wanki da feshi a kansa, in ya yi kyau ka bar shi a matsayin injin haya, don ƙananan layuka sun saba ɗauko inji haya da fentin wani gida, a shafe tsohon suna a manna lamba.

Abu na biyu, kuma shi na fi ba muhimmanci: ka zaɓi jirgi ɗaya, da lambarsa, da shekarar da kake son nunawa. Kada ka ce za ka yi "irin nasu". A ƙaramin kamfani biyu masu lamba a jere sukan bambanta: wannan odarsa a kan ɗakin direba, wancan an mayar da ita tsakiyar bodi, wannan yana da na'urar sanyaya ɗaki a rufi, wancan babu. Ka tara hotunan lambar nan ta gaba, baya, dama da hagu, da ko ɗaya daga kan gada. A shafin hotunan jirage na RRPictureArchives kana iya bin jirgi da lambarsa, har ka gan shi tun yana gidansa na farko. In za ka ɗauka da kanka, ka tsaya a bakin titi ko mahaɗar da kowa ke bi. Harabar jirgi a ƙasar nan mallakin kamfani ce, shigarta ba izini laifi ne, kuma mu baƙi ba mu da buƙatar doguwar magana da ɗan sanda a kan hoto.

Wanki. Raba bodi da firam, cire gilasai, fitilu da ƙarafunan riƙewa, ka zuba su a ɗan gwangwani mai murfi don ba a sayar da haƙuri in ɗaya ya faɗa cikin kafet. Sifirit (isopropyl) mai ƙarfin kashi 91 nake jiƙa bodi a ciki, in riƙa dubawa ina gogawa da tsohon burushin haƙori. Ka fara gwadawa a cikin bodin inda ba a gani, don ba duk roba ke jurewa ba, wata takan yi gautsi. Man birki da wasu ke ba da shawara ni ba na kusantarsa. Bayan nan wanka da sabulun kwanuka, a bar shi ya bushe sarai.

Duk abin da za ka ƙara, kafin fenti ake ƙara shi. Details West da Cannon & Company suna da oda, ƙararrawa, fankoki da garmar ture ƙanƙara. Ramukan ƙarafunan hawa da hannu ake huda su, da bakin huji mai lamba 79 ko 80, siririn da bai kai rabin milimita ba; ka sayi da yawa, karyewa suke yi ko ka yi a hankali. Fitilun ƙasa guda biyu na gaba kada ka manta da su. Tun ƙarshen 1997 doka ta wajabta su ga jirgin da ke ƙetare titi da gudun da ya wuce mil 20 a awa, saboda haka jirgin wannan zamani ba su kamar bai gama shiri ba ne. Maƙalan tarago kuma ka sa na Kadee ka huta.

To, ga koren. Ba zan ba ka lambar kwalba ba, domin hoton waya ƙarya yake yi a kan launi, kuma koren da rana ta shekara tana duka ba shi ne wanda ya fito daga shago ba. Ka samo kore mai duhu iri biyu ko uku, na Tru-Color ko Tamiya, ka fesa a bayan farin cokalin roba, ka kai ƙarƙashin fitilar ɗakin da jirgin zai zauna, ka ajiye hotunan a gefe. Wanda ya yi daidai a rana tsaka yakan koma kusan baƙi a cikin ɗaki, don haka nakan ɗiga fari kaɗan a ciki. Mai haske ake fara fesawa: farin shafi na ƙasa, sai ruwan madara, wato launi mai haske na jikin jirgin, ya kwana biyu ya bushe, ka rufe shi da tef, sannan kore. Ga wata dabara da ta fi komai yi mini amfani. Bayan ka danne tef ɗin da tsinken sakace a kan ƙofofi da ƙusoshi, ka sake fesa ruwan madarar sama-sama a bakinsa. Duk inda fenti zai kurɗa, shi zai kurɗa ya toshe, koren ya tarar da ƙofa a rufe. Ka ɓare tef tun fentin bai ƙanƙame ba, kana jan sa baya a kwance. Siririn layin ja mai ruwan hoda kuwa, da sitika ya fi fita tsaf.

Rubutu da tambari su ne inda za ka fi shan wahala. Firintar gida ba ta buga fari, kuma duk launi mai haske da ta buga a takarda mai shara-shara nutsewa yake yi a kan kore. Ko dai ka duba ko Microscale ko ƙananan masu buga sitikar jiragen ƙasa suna da na layin, ko ka aika musu hoton da aka ɗauka daga gefe sak su buga maka. Sitikar ruwa a kan fenti mai ƙyalli kaɗai take kwanciya. In ka ɗora ta a kan fenti marar ƙyalli iska za ta maƙale a ƙasa, ka ga kewayen rubutun yana walƙiya kamar azurfa. Akwai ruwan kwantar da sitika iri biyu: Micro Set a ƙarƙashinta, Micro Sol a kanta. Za ka ga ta yamutse har gabanka ya faɗi. Kada ka taɓa, kafin safiya ta miƙe ta shige cikin kowace tsaga. Inda ƙurji ya rage, soka shi da bakin allura ka ƙara ɗigo.

Daga nan Dullcote, feshin da ke kashe ƙyalli, kafin ka mayar da gilasai, in ba haka ba su yi hazo. Dattin da ake shafawa don jirgin ya yi kama da mai aiki kuma a yi shi da sauƙin hannu: ƙura a ƙafafu da tankin mai, baƙin hayaƙi a rufi, ɗan tsiyayar mai a bakin tanki. Sababbin shiga suna zuba tsatsa wai don layin ƙarami ne, alhali ƙananan kamfanoni da dama sun fi manya wanke injinansu. Abin da hotonka ya nuna shi za ka bi.

In za ka sa sauti, ko ESU LokSound ko SoundTraxx, ka zaɓi na injin 645 mai turbo, wato injin da ke cikin GP40-2, mai siririn kukan nan, ba na GP38-2 mai gurnani ba. Ka turo mana lambar jirgin da hoton rufinsa in kana da shi, sai mu duba ko yana da kumburin birkin lantarki a tsakiyar bodi kafin ka biya kuɗin wanda za ka saya.