Amsoshin Tambayoyinku Kan Fina-finan Mahaukaciyar Guguwa

Tambaya: Tsakanin Twister na 1996 da Twisters na 2024, wanne zan fara saya?

Malam, ka fara da tsohon. Labarinsa ba shi da zurfi, domin miji da mata ne da aurensu ke gab da mutuwa suke bin guguwa a jihar Oklahoma ta Amurka don su saka mata na'urar awo, amma darakta Jan de Bont ya iya tsara fargaba, har fim ɗin ya shiga takarar Oscar a fannin sauti da na dabarun hoto. Na 2024, wanda Lee Isaac Chung ya ba da umarni, ya fi damuwa da mutanen da guguwa ke rushe wa gidaje.

Tambaya: An yi mini tayin kwafi mai araha da aka ɗauka da waya a cikin silima. In karɓa?

Kada ka karɓa, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Irin wannan fim rabin armashinsa a kunne yake: rugugin iska, ƙarar kwano yana yagewa, da shirun da kan sauka kafin guguwa ta iso. Waya ba ta iya kama wannan, sai ta cakuɗe shi da tarin 'yan kallo. Hoton ma haka, domin sararin sama mai duhu da ƙura su ne farkon abin da ke dagulewa a kwafin bogi, sai guguwar da ƙwararru suka shafe watanni suna ƙerawa a kwamfuta ta koma baƙin tabo. Daga nan mutum ya ce fim bai yi kyau ba, alhali bai kalle shi ba. Araha ba ta ado. Ka nemi na asali, ka haɗa da lasifika mai kyau.

Tambaya: Da gaske ana kashe guguwa da sinadari kamar a Twisters?

Wannan ƙirƙirar marubuta ce, Malam, ba a taɓa yi ba. Ai iskar guguwa mai matakin EF5, wato mataki mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, tana wuce kilomita 320 a awa guda.

Tambaya: Ɗana mai shekara 8 ya nace sai ya kalla, ni kuma ina tsoro.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, domin duka biyun an yi musu alamar PG-13, wato ba su dace da ƙananan yara ba sai da kulawar iyaye. A Twister, tun a farkon fim guguwa ke fizge wani uba a gaban 'yarsa. Ki lallashe shi ya ƙara 'yan shekaru, sannan ku zauna ku kalla tare.