Kansila ya ce kwamiti ya ƙara kuɗin rumfa: dole ne mu biya?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina da rumfar albasa a wata kasuwa a nan Legas. Kansilanmu, wanda ke shugabantar kwamitin kasuwa, ya ce kwamitinsu ya ninka kuɗin rumfa. Yaransa ke karɓa hannu da hannu, ba rasit, wanda ya ƙi kuma a garƙame masa rumfa. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, kasuwa da tashar mota da mayanka duk hurumin ƙaramar hukuma ne, haka Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Saboda haka kada ku ce ba su da ikon saka kuɗi, suna da shi. Tambayar ita ce, ta wace hanya aka saka?

Kwamiti ba ya kafa doka. Aikinsa ya zauna, ya ji ta bakin masu ruwa da tsaki, ya rubuta rahoto, ya miƙa wa zauren kansiloli. Zauren ne zai yi muhawara ya kaɗa ƙuri'a, akawun majalisa ya rubuta, sannan ciyaman na ƙaramar hukuma ya sa hannu. Kafin wannan sa hannun, abin da kwamiti ya faɗa shawara ce kurum. Ko bayan an sa hannun ma, karɓar kuɗi aikin sashen kuɗin shiga ne, da takardar neman biya da rasit mai sunan hukuma. Kansila ɗan majalisa ne, ba mai tara haraji ba, balle yaransa.

Ku fara da takarda. Shugaban 'yan kasuwarku ya rubuta wa akawun majalisa, kwafi ga ciyaman, yana neman dokar da ta ƙayyade sabon kuɗin da bayanin zaman da aka amince da ita. Ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. A buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku. Nan mutanenmu suke sakaci: a tafi wajen Sarkin Hausawa, a yi sulhu da baki, a watse. Zuwa wajen Sarki ba laifi ba ne, amma kotu takarda take dubawa.

Ku tabbatar kuma ofishin da kuka rubuta wa shi ne mai kasuwar, don Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kowanne da majalisarsa.

Idan sun fito da doka sahihiya, ku biya ta banki, sannan ku kai koke zauren a rage. Idan babu, sai ku kai koke Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ko ku nemi Babbar Kotun Jihar Legas ta soke matakin. Kada ku bari wata 3 su wuce, don irin wannan ƙara tana da wa'adi.

In an kulle rumfa, kada ka fasa kwaɗon, sai laifi ya koma kanka. Ɗauki hoto, rubuta rana da adadin buhunan da ke ciki, domin albasar da ta ruɓe za ta shiga lissafin diyya.