Tsirkiya ɗaya ta Ali Farka Toure

Ɗana, ka tambaye ni ko ka jingine kukuma ka kama jita da fiyano, tunda a ganinka mai taɓa kayan kiɗa da yawa shi ne ke kafa ƙungiya har ya kai Turai. Zauna in ba ka labarin mutumin da na fi yawan sauraron kasetinsa, Ali Farka Toure na ƙasar Mali.

An haife shi a 1939 a yankin Timbuktu, ya tashi a Niafunke, bakin Kogin Kwara. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, 'yan'uwan da suka riga shi duk sun rasu suna ƙanana. Farka laƙabi ne, ma'anarsa jaki, saboda juriya. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, bai gaji ko ganga ba. Abin da ya fara riƙewa shi ne gurkel, mai tsirkiya ɗaya tak, sai njarka, wadda in ka gan ta za ka rantse ƙanwar kukumarka ce. Ƙoƙo ne da fata da gashin wutsiyar doki.

A 1956 ya ga Fodeba Keita na Gini yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Amma bai mallaki tasa ba sai 1968, a ƙasar Bulgeriya ya saye ta. Lissafa shekarun da ke tsakani. Da jitar ta zo hannunsa, bai nemi ta yi masa maganar Turawa ba. Abin da yatsunsa suka saba a gurkel shi ya ɗora mata. Kasa kunne za ka ji babban yatsa yana riƙe da ƙasa, sauran suna zagaya sauti ɗaya suna komawa, kamar yadda na sa ka maimaita taken nan sati uku har ka fara ɓata rai. Turawa da suka ji shi sai suka ce kiɗansa ya yi kama da na John Lee Hooker, mawaƙin blues na Amurka. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa asalin wannan kiɗa daga gida ya fita, kuma ina bayansa.

Shekarun da ya yi yana aikin ɗaukar sauti a Rediyo Mali su suka ƙara gyara masa kunne. Wannan shi ne amfanin sanin kaya da yawa ga shugaba. Ali ya iya kiɗan ƙwarya, don haka in mai ƙwarya ya yi gaggawa, ya san a ina hannun ya zame. Ba ya cika fili da jama'a: ƙwarya, ganga, 'yan amshi. Afel Bocoum ya shigo wurinsa yana ɗan shekara 13, ya daɗe yana amshi da jita ta biyu kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Ali kuwa ya yi waƙa da harshen Songhai da Fulatanci da Buzanci da Bambaranci.

Kyautar Grammy ta zo masa ta aikin da ya yi a 1994 da Ry Cooder, makaɗin jita na Amurka, ta sake zuwa ta aikinsa da Toumani Diabate mai kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa. Duk da haka gonarsa ta shinkafa ya fi so ya koma. A 2004 ya zama magajin garin Niafunke, ya sa kuɗin aljihunsa a hanya da magudanar ruwa da wutar lantarki. Ya rasu a Bamako a watan Maris na 2006.

Ban hana ka jita ba, ni da kaina zan raka ka saye. Amma jiya da ka ja, tsirkiyarka tana kuka saboda ba ka goga ƙaro ba, fatar kuma ta sha sanyin damina ta saki. Kai ta rana ta ɗame, ka gyara zaman jakin da tsirkiya ke hawa, ka dawo bayan la'asar mu sake taken daga farko.